Sunan da Turare Ya Wanke

"Kati ɗari da ashirin nake so, Nazifa. Irin mai furannin nan da ake hangowa ta cikin takarda."

Ban ɗago kaina ba.

Na san muryar. Ko ban san ta ba, ƙamshin da ya riga ta shigowa ya isa ya gaya min, domin duk faɗin Zongo mace ɗaya ce take yawo kamar an fasa kwalbar turare a kanta.

Indabo.

"Na wa?" na ce, ina ci gaba da yankan takarda.

"Haba ma sheri, ƙawata! Har yanzu labari bai iso ki ba?" Ta jawo kujerar Iyata ta zauna, ba wanda ya ce mata bismillah. "Nawa ne mana. Ni da Tawfiƙ. Saura sati uku."

Almakashi ya ci gefen yatsana. Na ga jinin, amma wallahi ban ji zafinsa ba...

Tawfiƙ ɗina!

Bari in koma baya kaɗan, don ku san wace irin mace ce ta zauna a kujerar uwata tana kaɗa ƙafa.

Sana'ata katin gayyata ne, na biki da na suna, da hannu nake yinsa ɗaya bayan ɗaya. Na koya ne a wani shago da ake buga zanen gine-gine a cikin gari, inda na yi shekara biyu ina naɗe takardu bayan na bar lakol, wato makarantar boko. A can na san kalki, wannan takarda mai santsi da ake ganin inuwar yatsa ta bayanta. Masu zanen gini suna zubar da guntayenta tare da tsofaffin alƙaluman launi da muke kira fetir, ni kuwa in tsince in kawo gida.

Kalki ba ta son ruwa. Ka taɓa ta da launi mai ruwa, nan take za ta tattare kamar fatar tsohuwa. Fetir mai sinadarin alkol kaɗai take yarda da shi, shi ma ba shansa take yi ba, a samanta yake zama har ya bushe. Shi ya sa nake juya takardar in zuba launin ta baya, in ɗinke ta da zare a kan farin kati, sai furen ya fito ta gaba a sanyaye. Rubutu kuwa, Bismillah da sunayen mutane, ta gaba nake yinsa da baƙar tawadar masu zanen gini, wadda idan ta bushe ba abin da yake motsa ta.

A kan wannan aikin Tawfiƙ ya same ni. Ya zo karɓar katin sunan ɗan yayarsa, ya tsaya kallon hannuna har ya manta mobilet ɗinsa, wato babur, tana kunne a ƙofar gida. Gyaran injuna yake yi a wata masana'anta a Kossodo, amma daga ranar kullum sai ya ratsa gari kaf ya zo Zongo da baƙin mai a farcensa, ya zauna a bakin tabarma yana cewa, "Nazi, rabin raina, ki yi aikinki kawai, ni kallo ya ishe ni."

Shi ya ba wani direba ɗan Nijar saƙo, aka kawo min sababbin fetir guda ashirin da huɗu daga Lome. Ku riƙe wannan: shi ya saya min su, ya san ko mene ne a ciki.

Mahaifinsa, Malam Jibrin, shi ne limamin masallacin layinsu, mutum ne mai tsoron Allah da ba ya karanta boko. Ya amince da ni, har an fara maganar sa rana.

Indabo kuwa ƙawata ce tun muna Islamiyya. Turare take sayarwa a kasuwar Sankaryaaré, kuma ba Juma'ar da za ta wuce ba ta kai wa Malam da matarsa Hajiya Yalwa 'yar kwalba kyauta ba. Ni sakarya, na ɗauka ladabi ne.

Wata rana ta zo hira, ta ɗauki wani busasshen fetir a kwandon shara, ta karanta jikinsa, ta jefa a jaka. Washegari ta durƙusa a gaban Malam har da hawaye, wai ba za ta iya ɓoye abin da ta gani ba, Nazifa da giya take rubuta sunan Allah.

Malam ya kira ɗansa, ya miƙa masa fetir ɗin.

"Karanta min. Me aka rubuta a nan?"

"Alkol, Baba."

"Alkol ɗin da ake cewa giya da Faransanci?"

"E... Baba."

Shi ke nan abin da Tawfiƙ ya faɗa. Bai ce wannan ba na sha ba ne. Bai ce irinsa ake goge ciwo da shi a asibiti ba. Bai ce Bismillah ba da shi nake rubutawa ba, bai kuma ce shi ya saya min ba. Ya sunkuyar da kai ya yi shiru, saboda tun da aka haife shi bai taɓa ƙara kalma a kan ta mahaifinsa ba.

Kafin maganar ta kai bakin famfo ta zama dolo, burkutun dawa. Kafin ta kai can unguwar Pissy, wai tukunya guda muke dafawa a bayan ɗaki. Iyatu, mahaifiyata, da take sayar da zomkom, abin shan nan na gero, a ƙofar gida tun rasuwar Babanmu, ta wayi gari ba mai tsayawa wurinta. Matan da suka sha kunun haihuwa a hannunta suka koma tsallaka titi idan sun hango ta. Wata uku muna cikin wannan hali.

To, wannan ce matar da ta zo neman kati.

Na naɗe yatsana da tsumma, na dube ta.

"Katin giya za ki raba a gidan liman?"

Ta tuntsire da dariya har tana dafa cinyata.

"Ke ma dai! Na mata ne, Malam ba zai gani ba. Kuma tsakanina da ke, wa ya ce giya ce? Ni ba yarinya ba ce, Nazifa. Na ga ƙofa a buɗe na shiga, wala, shi ke nan! Ke ma da kin samu irinta da kin shiga."

"Kin san ƙarya kika yi ke nan."

"Na san Tawfiƙ nawa ne yanzu. Za ki yi katin ko in kai wa masu inji?"

Ba katin ne ya kawo ta ba, ni na sani. So take ta ga hannuna ya rubuta sunanta kusa da nasa.

A nan dabara ta faɗo min. Na yi mata murmushi.

"Zan yi. Wane launi kike so a rubuta sunanki da shi?"

"Ja!" ta ce, ido na ƙyalli. "Ja wur, manya-manya, yadda ko makauniya za ta gani."

"An gama."

Ta ajiye min jerin sunayen waɗanda za a gayyata don in rubuta a bayan ambulan, ta fita tana rangaji.

Iya ta fito daga ɗaki, ashe duk ta ji.

"Nazifa, ba ki da zuciya ne? Ki mayar mata da takardarta!"

"Iya, zuciyar ce ta sa na karɓa."

Ta dube ni ta ce, "Ni dai kada ki jawo mana abin da ya fi wannan."

Ga abin da Indabo ba ta sani ba. A Zongo ba a raba katin biki sai an shimfiɗa shi a tabarma an fesa masa turare, don wadda ta buɗe ta ji ƙamshin amarya. Duk wadda ta taɓa karɓar aiki a hannuna ta san gargaɗina: a fesa wa ambulan, kada a fesa wa kalki. Alkol ɗin da yake cikin turare shi ne dai na cikin fetir, suna haɗuwa launin zai farka ya narke.

Ita kuwa ba ta taɓa sayen katina ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in gaya mata ba.

Kwana goma na yi a kan aikin nan, ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Na zuba furanni ta baya, ruwan hoda da kore, ina ɗiga launi a kan launi kafin ya bushe don su shiga juna. Bismillah na rubuta da baƙar tawada. Sunan Tawfiƙ ma da baƙar tawada, sau ɗari da ashirin, kowane ɗaya kamar ana caka min allura. Sunan amarya kaɗai na bari. Shi na rubuta da jan fetir, ta gaba, a saman takarda inda ba abin da ya kare shi.

A rana ta bakwai na ji kukan mobilet ɗin da na sani ko a mafarki. Ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya rame, har rigar aikinsa ta yi masa yawa.

"Nazi..."

"Sunana Nazifa."

"An ce ke kike yin katin. Don Allah ki bari. Kada ki azabtar da kanki."

"Au, yau ka san ina da rai?"

"Wallahi ba na son ta! Hajiya ce ta kawo maganar, Baba ya sa albarka, ni kuma..."

"Kai kuma ka yi shiru. Ai ka iya."

Ya runtse ido.

"Tawfiƙ, dube ni." Na ajiye fetir ɗin da yake hannuna. "Yanzu ma bai ɓaci ba. Hau mobilet ɗinka ka je ka ce wa Malam kai ka saya min fetir ɗin nan, kuma ba giya ba ce. Magana biyu kacal. Idan ka yi, a gabanka zan yayyaga katunan nan."

Da gaske nake. Da ya juya ya tafi a lokacin, da na bar Indabo da Allah.

"Ki ba ni lokaci, ma sheri. Baba yana da hawan jini, idan ya gane cewa na bar shi ya zalunci..."

"Uwata fa? Ita dutse ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Fita," na ce.

"Nazi, ina son ki..."

"Fita, kada launina ya bushe!"

Da ya tafi na kifa kaina a gwiwa na yi kuka mai isata. Ina son sa, wannan ne abin haushin. Da na share hawaye na ɗauki jan fetir, na ƙara wa sunan Indabo kauri.

Ranar Alhamis Indabo ta aiko aka karɓa. Ranar Juma'a da hantsi, ina wanke wa Iya ƙwarya, sai ga Hajiya Yalwa da kanta a ƙofarmu, mayafi a karkace, tana haki.

"Ke 'yar Iyatu! Taso ki zo ki ga abin da kika yi!"

Na ɗauraye hannuna a natse, na sa hijabina mai kyau, na bi ta.

Ashe can gidansu Indabo ta kai katunan don ta nuna wa Hajiya, tun daga zaure nake jin ihun. A tsakar gidan Malam an shimfiɗa tabarmi biyu, katuna a jere reras, ƙamshi kamar zai kayar da mutum. Mata sun kai goma sha biyar a tsaye, kowacce hannu a baki.

Furannin suna nan yadda na yi su. Bismillah tana nan. Sunan Tawfiƙ yana nan, baƙi ƙirin.

Sunan amarya kuwa ya narke yana gangarowa ja-ja a kan kowane kati. Waɗanda Indabo ta yi ƙoƙarin gogewa da gefen mayafinta sun fita tas, wurin ya zama fili, kamar Tawfiƙ ba shi da amarya.

Ba zan ɓoye muku ba, wani daɗi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa.

"Mayya!" Indabo ta yo kaina, hannuwanta jajur. "Asiri ta yi min! Ku duba, sunana kaɗai! Sunana kaɗai!"

"Lafiya nake jin hayaniya a gidana ranar Juma'a?"

Duk muka juya.

Malam Jibrin ne a bakin turakarsa, cikin farar babbar riga, Tawfiƙ a bayansa riƙe da dardumar sallah. Malam ya dubi tabarmin, ya dube ni, fuskarsa ta haɗe.

"Wa ya kawo aikin yarinyar nan gidana?"

Na durƙusa har ƙasa.

"Allah gafarta Malam, wadda ta gaya maka giya ce, ita ta taka har ɗakinmu ta ce in yi mata."

Ya juya a hankali.

"Indabo?"

"Malam... ai... ai na mata ne... na ɗauka ta tuba..."

"Malam, ina neman alfarma ɗaya," na ce. "Turaren da ka shafa yanzu za ka masallaci, a ba ni kwalbar."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita. 'Yar kwalba ce mai murfin zinariya, irin ta teburin Indabo. Na zaro guntun kalki daga cikin hijabina, na ja layi da jan fetir a gaban kowa, na hura har ya bushe. Na fesa sau ɗaya.

Layin ya narke ya gangaro.

"Ba asiri ba ne, Malam. Abin da yake cikin alƙalamina shi ne a cikin kwalbar nan, shi ya sa suka san juna. A bayan kwalbar akwai rubutu." Na miƙa ta sama, ban dubi kowa ba sai mutum ɗaya. "Ɗanka ya iya karatu."

Tawfiƙ ya karɓa. Ya juya bayanta.

"Karanta," in ji Malam.

"Alkol, Baba."

Wata tsohuwa ta saki salati. Malam ya dubi rigarsa, ya dubi tafin hannunsa da ya shafa turaren, ya dubi Indabo.

"Shekara nawa kina kawo min wannan ina shiga mihrabi da shi?"

"Malam, wallahi ba na sha ba ne! Wannan daban, giya daban! Kowa ya sani, sunan ne kawai ɗaya a Faransanci..."

Ta kama bakinta, amma ina! Ya riga ya fita.

"Kowa ya sani," Malam ya maimaita. "Har ke. Tun ranar da kika durƙusa a gabana kina kuka."

Na zaci an gama. Sai na ji faɗuwar darduma a ƙasa. Tawfiƙ ya zube a gaban mahaifinsa.

"Ni ma na sani, Baba. Ni na saya mata alƙaluman da hannuna. Bismillah ma ba da su take rubutawa ba, ga ta nan ba ta motsa ba. Na sani tun ranar, tsoronka ya hana ni faɗa. Kuma auren nan... ka yafe min, ba zan iya ba. Ba zan zauna da wadda ta gina shi a kan ƙazafi ba."

Malam bai dubi ɗansa ba. Da ya buɗe baki, da ni ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"'Yata, na yanke hukunci a kan kalmar da ban san harshenta ba, ban kira ki na tambaya ba. Na zalunce ki, na zalunci Iyatu. Ki yafe min."

Dattijo mai furfura, a gaban mata! Idona ya cika.

"Na yafe maka, Malam."

"Amma ke ma da gangan kika ɓata mata kati."

"Da gangan ne," na ce. "Kuma ban yi nadama ba tukuna."

Ya girgiza kai, ya ce mu nemi gafarar Allah gaba ɗayanmu, ya wuce masallaci. Indabo ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita, ba wadda ta raka ta ko zaure.

A ranar bayan sallah Malam ya faɗi gaskiyar magana a gaban jama'a. Da la'asar sai ga Tawfiƙ a ƙofarmu.

"Nazi, na faɗa. Kin ji dai na faɗa..."

"Bayan na tura ka bango."

"Ki hukunta ni yadda kike so, amma kada ki rabu da ni. Wallahi ba zan iya rayuwa..."

"Za ka iya. Wata uku ka yi kana iyawa."

Na shiga ɗaki na ɗauko jerin sunayen da Indabo ta bar min, na miƙa masa.

"Maza sun ji a masallaci. Amma ba maza ne suka tsallaka titi don uwata ba. Gida ɗari da ashirin ne a nan, daga Zongo har Pissy, su ne suka yi yawo da sunanmu. Ka je kowanne ka yi sallama, ka ce: ni Tawfiƙ ɗan Malam Jibrin, abin da aka faɗa a kan Nazifa da Iyatu ƙarya ne, na sani kuma na yi shiru."

Ya dubi takardar.

"Har da 'na yi shiru'?"

"Musamman shi."

"Idan na gama fa?"

"Ban yi maka alkawarin komai ba."

Na shige na bar shi a tsaye da takarda.

Ni kaina ban zaci zai yi ba. Mutumin da ko gaisuwa sai ya sunkuyar da kai?

Washegari labari ya fara zuwa. An gan shi a layin masu ɗinki. An gan shi a bayan makaranta. Yana tasowa daga Kossodo ko wanka ba ya yi, sai ya hau bin gidaje har a kira magariba. Wasu suka yi masa dariya a fuska. Wata ta ce Nazifa ta shanye shi. Wata tsohuwa a Pissy, kurma ce, sai da ya faɗa sau huɗu da ƙarfi har masu fasa dutse na unguwar suka tsaya sauraro.

A kwana na uku mata biyu suka tsaya sayen zomkom, suna ta kame-kame. A kwana na biyar Iya ta ƙara kwaɓi. Na ji ta tana 'yar waƙa a madafi, abin da na manta rabon da in ji.

Ni kuwa ina zaune ina wasa maganar da zan yanka shi da ita. Na shirya ta tsaf: na ce ka wanke sunana, ban ce zan aure ka ba. Kullum sai na maimaita ta ina aiki, ina jin daɗin yadda fuskarsa za ta yi.

A kwana na goma sha ɗaya, da yamma, mobilet ta tsaya.

Bai neme ni ba. Wurin Iya ya nufa, inda take zaune a bayan robar zomkom, ya durƙusa a cikin ƙasa a gaban masu saye. Ina kallo ta labule.

"Ni... Tawfiƙ..."

Muryar ta tafi. Abin da ya rage wani huci ne kamar na tsohon famfo. Leɓensa ya tsage, wuyan rigarsa ya yi baƙi. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"...ɗan Malam Jibrin... abin da aka faɗa..."

"Ya isa, ɗana," in ji Iya.

Ya girgiza kai. Sai da ya kai ƙarshe, kalma bayan kalma, har "na yi shiru", wadda a leɓensa kawai na gan ta.

Gidanmu ba ya cikin jerin. Shi ya ƙara da kansa.

Iya ta share ido da bakin zane, ta ɗaga murya.

"Ke Nazifa! Na san kina bayan labulen nan. Fito ki ba bawan Allah abin sha, kada ya mutu min a ƙofa."

Na fito. Na ɗebo zomkom a ƙwarya, na tsaya a kansa. Maganata tana bakina, a wase, a shirye. Ya ɗago ya dube ni, ya motsa baki zai kira sunana, ko sauti bai fita ba.

Na nemi fushin nan da na yi wata uku ina kiwo, na laluba ko'ina a ƙirjina. Na tarar saura kaɗan, bai kai na yanka mutum ba.

Na miƙa masa ƙwaryar. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

"Ban gama yafewa ba," na ce.

Ya gyaɗa kai.

"Zai ɗauki lokaci. Wataƙila har mu tsufa ina tuna maka."

Ya sake gyaɗa kai, hawaye na bin ƙurar fuskarsa.

"Kuma wallahi, Tawfiƙ, idan aka sake taɓa ni a gabanka ka sunkuyar da kai, ko da 'ya'ya goma ne a tsakaninmu..."

Ya kama bakin hijabina ya girgiza kai da ƙarfi, har masu sayen zomkom suka fashe da dariya.

Na fizge hijabina, na juya don kada ya ga bakina ya fara murmushi.

"Je ka sha zuma da lemun tsami," na ce. "Idan muryarka ta dawo, ka gaya wa Malam ya turo. Da bakinka nake so ka faɗa masa."